Maricopa: daɗin zama ga mai AC

Jama'a, duk mai zaton Amurka ƙanƙara ce kawai, ya duba gundumar Maricopa a jihar Arizona, inda birnin Phoenix yake. Hamada ce zalla. A 2023 sun yi kwana 31 a jere kullum sai zafi ya kai digiri 43 ko ya wuce. Mutanen Sakkwato da Maiduguri sun san irinsa a watan Afrilu.

Amma tururuwa ake yi zuwa can. Ƙidayar 2020 ta samu mutum sama da miliyan 4.4, kusan kashi ɗaya cikin uku masu tushe a Latin Amurka, ga tsofaffi 'yan fansho masu gudun sanyin arewa. Aiki akwai, hunturunsu ba ya cizo.

Ni dai ban yarda wannan daɗin na kowa ba ne. A 2023 ɗin nan zafi ya yi ajalin mutum 645 a gundumar. Su wane ne? Da yawa marasa matsuguni ne masu kwana a titi. Waɗanda suka mutu a cikin gida kuwa, yawancinsu suna da AC, sai dai ba ta aiki. Wato tsoho na zaune shi kaɗai, na'ura ta lalace, kuɗin gyara babu, shi ke nan.

Ga kuma ruwa. Kogin Colorado na ja baya, kuma a 2023 jihar ta dakatar da amincewa da sabbin rukunin gidaje masu dogaro da ruwan ƙarƙashin ƙasa a yankin Phoenix. Kuma wallahi har yau mutane shigowa suke yi.