Shin hoton ƙwaƙwalwa zai nuna ciwon taɓin hankali?

Tambayar da iyaye a Azare da sauran garuruwan masarautar Katagum ke yawan yi mini ita ce: yaro ya fara jin muryoyi, yana zargin kowa, ya daina wanka, shin a haɗa kuɗi a kai shi Kano a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa?

Irin wannan ciwo likitoci na kiransa sikizofiriniya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama kusan mutum 1 cikin 300. Hoton ƙwaƙwalwa ya taimaka wajen fahimtarsa. A 1976, Eve Johnstone da abokan aikinta a Landan sun yi amfani da na'urar CT, suka ga guraben ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwar masu ciwon sun fi faɗi. Daga baya MRI ta nuna ɓangaren da ke riƙe tunawa yakan ɗan ƙanƙance. A 2018 kuma, gamayyar masu bincike ta ENIGMA ta gwada hotunan mutum sama da 4,000, ta gano rauni a fararen zarurrukan da ke kai saƙo tsakanin sassan ƙwaƙwalwa. Ke nan ciwo ne na jiki, ba lalaci ko rashin tarbiyya ba.

Sai dai ku lura, wannan bambanci ƙanƙani ne, sai an tara ɗaruruwan hotuna yake fitowa. Hoton ɗanku shi kaɗai yana iya fita lafiya lau alhali ciwon na nan. Likita kan nemi hoto ne idan yana zargin ƙari, ko rauni a ka, ko farfaɗiya. Don haka kada a sayar da akuya ko buhun gero saboda hoton da likita bai nema ba.

Ku fara da ganin likita a asibitin tarayya na Azare. In da buƙata zai tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri ko Kaduna. Kuɗin nan ku ajiye su don magani, domin shansa na ɗaukar lokaci mai tsawo. Abin da ya fi damuna shi ne a daina shan risperidone ko haloperidol da zarar an ga sauƙi. Nan ne ciwon ke dawowa. Idan jiki na sandarewa ko miyau na zuba, ku koma wurin likita ya gyara adadin, kada ku sayi Artane da kanku. Mai shan olanzapine a riƙa auna nauyinsa da sukarinsa. Wanda ke ƙin haɗiyar ƙwaya kuwa, akwai allurar da ake yi duk bayan mako 2 zuwa 4. Ku tambayi likita a kanta.