Sharhi: Kafin a turo wa ƙane kuɗin kwas ɗin tsara shafukan intanet

Da zarar an kai gero rumbu a Arewa, samarin Dumega da ƙauyukan da ke kewaye da ita sai su ɗaura kaya su nufi cin rani. Wasu Yamai, wasu Kwatano ko Lome, wasu kuma su tsallaka iyaka zuwa Kebbi da Sakkwato har Legas. Waɗanda suka daɗe a can su ne ake bugawa waya idan buƙata ta taso a gida. A 'yan shekarun nan wata sabuwar buƙata ta shigo layi: ƙanen da ya samu BEPC ko BAC, ya zauna ba aiki, yana son kuɗin kwas ɗin koyon tsara shafukan intanet, wanda ya ga tallarsa a Facebook ko a wani zauren WhatsApp.

Burin ba abin rainawa ba ne. Makarantu masu zaman kansu, asibitocin kuɗi, ƙungiyoyin manoma da na agaji a Dogon Dutsi da Doso duk suna iya buƙatar shafi. Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, abin da ya sa intanet mai ƙarfi ya daina zama na manyan birane kaɗai ga wanda ke da halin biya. A shekarar ce kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, wato shafukan da za a rubuta da Hausa suna nan tafe. Sai dai kuɗin da ɗan cin rani ke turowa ta Nita ko Amana gumin watanni ne, kuma sau ɗaya ake turo irinsa. Idan ya faɗa hannun da bai dace ba, da wuya a sake na biyu, yaron kuma zai koma gida da tabon cewa ya ci kuɗin yayansa a banza.

Wurin da aka fi zamewa shi ne sunan kwas ɗin. Cibiyoyi da yawa da ke rubuta "koyar da kwamfuta" a allonsu, Word da Excel suke koyarwa, wani lokaci su ƙara da haɗa hotunan talla a Canva. Ilimi ne mai amfani, amma sana'a ce daban. Mai tsara shafi dole ya iya HTML, wanda shi ne ƙashin shafin, da CSS mai ba shi fasali da launi, da wani abu na JavaScript mai sa shi motsi. Dole ya san WordPress, manhajar da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke tafiya a kanta. Dole kuma ya san yadda ake sayen adireshi, da hayar wurin da shafin zai zauna, da sabunta su duk shekara, domin shafin da ke cikin kwamfutar ɗalibi kawai, kamar shago ne da aka gina ba ƙofa.

Akwai gwaji mai sauƙi da ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai iya yi. A nemi mai cibiyar ya ba da adireshin shafukan da tsofaffin ɗalibansa suka gina, ba wanda shi malamin ya gina ba. A buɗe su a ƙaramar waya, da irin layin da ake samu a Dumega. Idan shafin ya buɗe da wuri, rubutu ya zauna daidai a fuskar wayar, bai cinye data ba, to an koyar da aiki. Idan da Hausa aka rubuta shi, a duba ko ɓ da ɗ da ƙ da ƴ sun fito, ko kuwa sun koma ƙananan akwatuna. Malamin da ya fara kame-kame a kan wannan tambaya, ya koma nuna hotunan bikin raba takardun shaida, ya riga ya ba da amsa.

Ita ma takardar sai an tantance ta. Shaidar halartar kwas da cibiya ke bugawa da kanta daban take da difloma da gwamnati ta amince da ita. Ta farkon ba ta shigar da kowa gasar ɗaukar ma'aikata, kuma mai shagon da ke son shafi ba zai tambaye ta ba, aikin zai ce a nuna masa. Ga wanda ke da BAC kuma yana da haƙurin shekara biyu ko uku, Jami'ar Doso, wadda aka kafa a 2014 tare da na Agadas, Difa da Tilaberi, ita ce aka ba fannin fasahar sadarwa da kwamfuta, kuma a jiharsu take. Ya kamata a fara leƙa ta kafin a yi maganar makarantun kuɗi na Yamai, inda haya da abinci kan zarce kuɗin karatun kansa. Wanda ya zaɓi makarantar kuɗi, haƙƙinsa ne ya ga takardar izinin gwamnati kafin ya biya ko dala.

Wanda kuma ba shi da BAC, ƙofa ba ta rufe ba. OpenClassrooms na da darussan HTML da CSS da Faransanci, freeCodeCamp na da nasa da Turanci, kyauta. Wata guda a kan waɗannan zai nuna wa yaro ko zai iya zaman awa uku yana neman inda waƙafi ɗaya ya ɓata masa aiki. Mutane da yawa a nan suke gane cewa sana'ar ba tasu ba ce, kuma gara a gane haka kafin a biya. Masu tunanin tura yaro Sakkwato ko Kano za su samu ribar Turanci, harshen da akasarin bayanan sana'ar ke ciki. Amma shirin 3MTT da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a 2023 na 'yan ƙasarta ne, kuma abokan cinikin da ke Nijar da Faransanci ko Hausa za su nemi aikinsu.

Sai batun kayan aiki, wanda masu talla ba sa son a taɓo. Ba a zama mai tsara shafi da waya. Ɗalibin da ke raba kwamfuta ɗaya da mutum huɗu a aji, ya koma gida hannu rabbana, zai manta abin da ya koya kafin damina. Wuta ma ba abin dogaro ba ce: lokacin da Najeriya ta katse lantarkin da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai a watan Maris na 2024 ta maido da shi. Idan kuɗin da ke hannu ba zai isa kwas da kwamfuta gaba ɗaya ba, kwamfuta ta hannu da ɗan faifan sola su ne kan gaba.

Tallar da ke alkawarin dalar Amurka cikin wata uku ita ce mafi haɗari. A Upwork da Fiverr sabon shiga zai tarar da 'yan Indiya, Pakistan da Najeriya masu shekaru a fagen, ga kuma wahalar karɓo kuɗin. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, ƙirƙirarriyar basira na haɗa shafi mai sauƙi cikin mintuna, don haka farashin irin wannan aiki ba zai tashi ba. A gida ma, ɗan kasuwa da yawa WhatsApp ya ishe shi, kuma Dumega ita kaɗai ba za ta ciyar da masu wannan sana'a goma ba. Abin da na'ura ba ta yi shi ne zama da shugaban ƙungiyar masu noman rani a fahimci me yake son sayarwa, a yi masa farashi, a kula da shafin bayan an miƙa shi. Kwas ɗin da bai sa ɗalibi ya yi wa mutum na gaske aiki ko sau ɗaya ba, ya bar rabin sana'ar a waje.

Hukumomi na da nasu kason. Ma'aikatar da ke kula da koyar da sana'o'i, da asusun FAFPA, da hukumar ANSI, za su iya fitar da jerin cibiyoyin da aka amince da su, a karanta shi da Hausa a gidajen rediyon karkara na Tibiri da Dogon Dutsi, a kuma sa shi inda ɗan Arewa da ke Abijan zai gani a wayarsa kafin ya shiga layin tura kuɗi. Ofisoshin magadan gari na yankin kuwa, duk ranar da za su ba da kwangilar shafi, su fara tambaya ko akwai ɗan garin da ya koyi aikin.