Bob Uecker: Ɗan Wasan Da Baki Ya Fi Masa Hannu

A ranar 16 ga Janairu, 2025, Bob Uecker ya rasu yana da shekara 90. Mai karatu a nan ba lallai ya san sunan ba, domin besbol, wasan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da kulki, na Amurkawa ne. Amma rayuwar mutumin ta isa a tsaya a duba.

An haife shi a birnin Milwaukee na jihar Wisconsin a 1934. Daga 1962 zuwa 1967 ya buga wa ƙungiyoyin Braves da Cardinals da Phillies, a matsayin mai tsugunawa bayan mai duka yana cafke ƙwallo. Bai yi fice ba. Cikin duka biyar, ɗaya kacal yake dacewa, kuma mafi yawan kwanakinsa a benci ya yi su. Ko a 1964 da Cardinals suka ɗauki kofin ƙasa, bai taka fili a wasannin ƙarshe ba. Da ma'aunin fili kaɗai za a auna shi, da tuni an manta da shi.

Wani hani ga Allah baiwa ne. A 1971 ƙungiyar Brewers ta garinsu ta ba shi aikin sharhin wasa a rediyo, ya riƙe shi kaka 54. Zaman bencin nan da ake gani kamar asara shi ya zama jarinsa, don wanda ya daɗe yana kallo ya fi wanda ke tsakiyar fage ganin yadda wasa ke tafiya. Ya san zafin kuskure, saboda haka ba ya tozarta ɗan wasan da ya yi shi. Kansa yake yi wa ba'a. Ya sha faɗin cewa dabarar kama wata irin ƙwallo mai layi a iska ita ce ka jira ta gama gangarawa, sannan ka sunkuya ka ɗauka. Mai sauraro kuwa yakan amince da wanda bai ɓoye gazawarsa ba.

Raharsa ta kai shi shirin talabijin na Johnny Carson, da fim ɗin Major League na 1989. A 2003 aka ba shi lambar yabo ta Ford C. Frick, mafi girma ga masu sharhin besbol. Duk da wannan suna bai bar rediyon garinsu ba, har ya yi kakarsa ta ƙarshe a 2024 yana fama da cutar dajin huhu.

Abin lura shi ne yadda muke gaggawar yanke wa mutum hukunci da sana'arsa ta farko. Ɗalibi ya kasa a fanni ɗaya, sai a ce ba shi da amfani. Ɗan wasa ƙafa ta gaza, sai a rufe babinsa yana ɗan shekara 33, kamar yadda Uecker yake lokacin da ya ajiye kulki. Alhali kowa da kiwon da ya karɓe shi. Shekara shida ya yi a fili, fiye da hamsin a bakin makirfo, kuma da muryar tasa mutanen Milwaukee suke tuna shi. Iyaye da malamai su yi hattara kafin su ce yaro ya gama yawo.