Babu Kifin da Zai Share Maka Akwati

Mai karatu, idan ka taɓa tsayawa gaban masu sayar da kifin ado a Kano, Kaduna ko Abuja, da wuya ka bar wurin ba a yi maka tallar abu biyu ba. Na farko gufi ce mai ciki, wai ka sayi ɗaya ka samu ashirin. Na biyu wani baƙin kifi ne mai manne bakinsa a jikin gilashi, wanda suke kira mai shara, wai muddin yana ciki ka huta da wanke akwati. Maganar farko rabin gaskiya ce, ta biyu kuwa ƙarya ce tsagwaronta. In suka haɗu a akwati mai lita 40, ƙarshen lamarin gurɓataccen ruwa ne a tsakiyar falonka, wanda kai da 'ya'yanka za ku riƙa tsoma hannu a ciki. Dalilin da ya kawo zancen kifi shafin lafiya ke nan.

Mu fara da mai cikin. Gufi da 'yan uwanta, wato moli da filati da mai wutsiyar takobi, ba sa zuba ƙwai kamar sauran kifaye, 'ya'ya suke haifa rayayyu masu iyo nan take. Asalin gufi arewa maso gabashin Kudancin Amurka ne, kuma ta samo sunanta daga Robert Lechmere Guppy, wanda ya aika da samfurinta Landan daga Tirinidad a 1866. Cikinta kan ɗauki mako uku zuwa huɗu. Za ka gane shi da kumburin ciki da wani baƙin tabo da ke ƙara duhu kusa da wutsiya. Abin da mai sayarwa ba ya faɗa maka shi ne, macen tana ajiye maniyyin namiji a jikinta tsawon watanni, don haka ko ba namiji a akwatinka za ta yi ta haihuwa wata bayan wata. Yi lissafi da kanka: mata uku, kowace ta haifi ashirin, sittin ke nan a wata guda, kuma cikin wata biyu zuwa uku 'ya'yan ma sun isa haihuwa.

Kowane kifi a cikinsu yana ci, yana kuma fitar da ammoniya, gubar da ke ƙona gaɓoɓin numfashin kifi. Abin da ke kashe kaifin wannan guba wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, masu zama a cikin matatar ruwa da tsakuwa. Su ne ke mayar da ammoniya naitirait, sannan naitiret mai sauƙin illa, wanda shi kuma sai canjin ruwa ke fitar da shi. A sabon akwati sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu, kuma iska suke buƙata. A ƙasar da ake ɗauke wuta a yini ba a kawo ba, matata kan tsaya, iska ta yi ƙaranci, kuma akwatin da ya fi cunkoso shi ke fara wari. Ruwa dai ba ya tsami banza.

A nan ne ake kawo maka mai shara a matsayin mafita. Sunansa fileko, dangin tarwada ne daga kogunan Kudancin Amurka. Ana sayar maka da shi bai fi ɗan yatsa ba, alhali irin da ya fi yawa a kasuwa kan kai santimita 30 zuwa 50 in ya girma. Na san za ka ce ka gan shi da idonka yana lasar gansakuka a jikin gilashi. Gaskiya ne yana lasa, musamman yana ƙarami. To amma abin da ya shiga ta baki ina yake zuwa? Fileko na cikin kifayen ado da suka fi yawan kashi, kuma shi ba ya cin kashin kowa. Ka ɗauko mai shara, sai ga shi shi ne kan gaba wajen zuba shara. In ya yi wa akwati yawa, mai shi kan kai shi kogi ya saki. Haka aka yi a jihar Fulorida ta Amurka, da tafkin Laguna na Filifin, da kogin Buriganga na Bangaladash, inda ya yaɗu ya cika komar masunta da abin da ba ya sayuwa. Kada ka zama wanda zai fara wannan ɓarna a madatsar Tiga ko fadamun Hadeja.

Yanzu ga inda abin ya taɓa jikinka. Akwai ƙwayar cuta mai suna Mycobacterium marinum, 'yar uwar wadda ke haddasa tarin fuka, wadda aka fara ganowa a 1926 a jikin kifayen wani gidan ajiye kifi a birnin Filadelfiya. Tana shiga ta yanka ko ƙujewar fata, bayan makonni sai wani jan kulu ya fito a yatsa ko bayan hannu, a wasu lokuta ya fashe ya zama gyambo, ko wasu su jeru su nufi gwiwar hannu. Ba cuta ce mai yawa ba, amma tana da naci: man shafawar kemis ba ya yi mata komai, maganinta na watanni ne a hannun likita, kuma likitan kan daɗe bai gano ta ba in ba a gaya masa akwai kifi a gida ba. Ban da ita, an sha samun ƙwayar salmonela mai jawo gudawa da zazzaɓi a ruwan akwatin kifi. Kifin da cunkoso ya galabaitar shi ne cuta ta fi kamawa, kuma mai akwatin da ya cunkushe shi ne ya fi yawan cusa hannu yana tsamo gawa.

To me ya kamata? In akwatinka bai kai lita 60 ba, ka haƙura da kifin ƙasa gaba ɗaya, ko ka tsaya ga 'yan ƙananan koridoras da ba su wuce santimita uku ba. In ya kai lita 75 zuwa sama, koridoras na yau da kullum, masu santimita biyar zuwa bakwai, sun dace da zama da gufi. Sai dai kifin taro ne, aƙalla shida ake ajiyewa, suna son yashi mai laushi domin tsakuwa mai kaifi na cinye musu gemu, kuma dole a ba su nasu abincin mai nutsewa. Yawancinsu sun fi son ruwa mai ɗumin digiri 22 zuwa 26, don haka ka tuna da zafin Afrilu kafin ka saya. Irin da ake kira sitabai ya fi jure ɗumi. Ka ajiye su domin suna burge ka, kada ka ɗauke su leburori.

Game da gufi kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce ka ajiye maza zalla, su ne ma masu launi. In kana son haihuwa, namiji ɗaya ga mata biyu ko uku, don kada ya matsa wa guda. Ka daina kulle mai ciki kwanaki a 'yar akwatin roba ta haihuwa, ƙuncin kan sa ta bari ko ta mutu. Ka cika wani ɓangare da ganye mai duhu: wasu 'ya'yan za su ɓuya su rayu, manyan kuma su cinye wasu, wannan shi ke rage yawansu. Kafin su girma ka san wanda za ka ba.

Sauran aikin naka ne. Duk mako ka cire kamar rubu'in ruwan ka zuba sabo wanda aka kashe masa kilorin. Kada ka ja tiyo da baki. Kada ka wanke kayan akwati a inda ake wanke kwanuka, kuma ka ware masa bokitinsa. In kana da rauni a hannu, ko ciwon suga, ko raunin garkuwar jiki, ka sa doguwar safar roba ko ka bar wa wani aikin. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar kallo ne nasu. Bayan an gama, a wanke hannu da sabulu. Kulun da ya haura mako biyu bai warke ba, ka kai shi asibiti ka ambaci kifin.

Kowa ya san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Kifin da ke akwatinka ya fi kyanwar nan rashin mafita, domin ko ruwan da yake shaƙa kai ke zaɓa masa. Saboda haka in mai sayarwa ya miƙo maka mai shara, tambaye shi tsawon da zai kai in ya girma, sannan ka dubi akwatinka. In bai ba ka amsa ba, mayar da kuɗinka aljihu, ka je ka sayi bokiti da tiyo.