Tsofaffin Batsari da Safana: Kati a Aljihu, Magani a Kemis

Akwai tambayar da ke yawan tasowa a tsakanin 'ya'yan yammacin Katsina da aiki ya kai su Abuja, Kaduna ko Legas, galibi bayan an dawo daga jinyar wani dattijo: wace inshorar lafiya ce ta fi dacewa a yi wa Baba ko Inna da ke gida? Mai tambaya kan buɗe waya ya bincika, sai intanet ta zubo masa shawarwarin da aka rubuta domin tsofaffin Amurka, inda tun 1965 gwamnati ke tallafa wa lafiyar wanda ya kai shekara 65 a ƙarƙashin Medicare, har akwai masu ba da shawara kyauta da ke taya tsoho zaɓe tsakanin tsare-tsare iri-iri. Wannan karatu ba zai amfani dattijon Wagini ko tsohuwar Runka da komai ba. Zaɓi sai da abin zaɓa, kuma ɗan abin da ke akwai a nan an ɗinka shi ne ba tare da an auna tsoho ba.

A takarda, an gama magana. Ranar 19 ga Mayu 2022 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan jihar nan, ya sa hannu a dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta gaji tsohon shirin NHIS da aka ƙaddamar a 2005. Dokar ta wajabta inshora a kan kowa, ta tanadi asusu na musamman domin masu rauni, ta kuma ambaci tsofaffi a cikinsu tare da yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu juna biyu, masu lalurar naƙasa da matalauta. A lokacin an ce mutum miliyan 83 ne za su amfana. Kafin ita akwai Dokar Lafiya ta 2014, wadda ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Jihar Katsina ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KTSCHMA, tun zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Dokoki dai ba su yi ƙaranci ba. Duk da haka, sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa, kuma a gidan manomi aljihu yana nufin tunkiya, buhun gero, wani lokacin ma gona.

Tsarin ma'aikata shi ne mafi daɗewa, shi ne kuma mafi yawan masu karanta wannan shafi suka sani. A ƙa'idar tarayya, yana ɗaukar ma'aikaci, abokin aurensa guda, da 'ya'yan cikinsa huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Wanda ya zana wannan iyali bai taɓa kwana a gidan gandu ba. Babu uwa a ciki, babu uba, balle gwaggon da mijinta ya rasu ta dawo gidan ɗan'uwanta. Akwai ƙofar ƙara wasu mutane idan za a biya ƙarin kuɗi, amma ƙofa ce da ba a cika tallata ta ba, kuma ma'aikata da yawa sun shekara goma suna riƙe da kati ba su taɓa tambayar ta ba. Shi kansa ma'aikacin, an ɗaure kariyarsa ne da albashi. Ya kai shekara 60, ko ya cika shekara 35 yana aiki, albashi ya tsaya, kati ya bi shi. An kare shi a shekarun da jikinsa ke da ƙwari, an sallame shi daidai lokacin da hawan jini ya fara sallama.

Mafi yawan tsofaffin Batsari da Safana ma ba su taɓa karɓar albashi ba. Tasu ƙofar ita ce ta masu rauni, inda gwamnati ke biya wa mutum, a rubuta sunansa a wata cibiyar lafiya ta matakin farko, bisa manufar samar da cibiya guda mai aiki a kowace mazaɓa. Katsina na da mazaɓu 361. Yadda kuɗin ke tafiya shi ne abin da ya kamata kowa ya fahimta kafin ya yi murna da kati: cibiyar tana karɓar ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane sunan da ke rajistarta, ko mai sunan ya zo ko bai zo ba. Daga wannan kuɗi za ta duba shi ta ba shi magani. Idan ciwo ya fi ƙarfinta, sai ta tura shi babban asibiti da takarda da lambar izini. Dabara ce mai ma'ana a garin da mutane ke zaune a gidajensu.

To amma waɗannan ƙananan hukumomi biyu suna bakin Dajin Rugu. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari, kuma wannan ɗaya ne daga hare-haren da ba su ƙirguwa. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomin da ke kan gaba a rikicin, har da Batsari da Safana, aka kwashe watanni babu kira. Ƙauyuka sun watse, an rufe wasu cibiyoyin lafiya, ma'aikata sun ƙaurace wa wuraren da ake satar mutane a hanya. Tsofaffi sun taru a cikin garin Batsari, a Dutsin-Ma, a birnin Katsina, akasari a ɗakunan dangi, inda babu wanda ke ƙirga su a matsayin 'yan gudun hijira. Sasancin da wasu al'ummomi suka ƙulla da 'yan bindiga a 2025 ya sa wasu sun koma, wasu kuma ƙafafunsu da zukatansu ba su ba su ba.

A ɗauki misalin dattijon da aka rubuta sunansa a cibiyar mazaɓarsu, shi kuma yana zaune a gidan 'yarsa a Katsina. A lissafin hukuma, yana da inshora. A rahoton ƙarshen shekara, yana cikin dubunnan da za a ce an kai gare su. Ranar da jiri ya kayar da shi, asibitin da ke kusa ba zai ga sunansa ba, cibiyar da ke da sunansa kuma tana bayan hanyar da surukinsa ba zai yarda ya bi da shi ba. Ana iya sauya cibiya, amma sai wanda ya san da haka, ya san ofishin, ya iya cike takarda. Tun kafin nan ma, shiga rajistar kan buƙaci lambar NIN, alhali tsohon da ya fito cikin dare da rigar jikinsa ba katin shaida ya tsaya nema ba, shekarun haihuwarsa ma ƙiyasi ne daga shekarar wata yunwa ko rasuwar wani sarki.

Ko an warware wannan, tsugune ba ta ƙare ba, domin ciwon tsufa ba irin wanda aka gina tsarin dominsa ba ne. Jerin farko na abin da BHCPF ke biya ya karkata ga awon ciki, haihuwa, cututtukan yara da zazzaɓin cizon sauro. Hawan jini da ciwon suga sun shigo ne ta ƙofar gwaji, sai daga baya aka faɗaɗa. Zazzaɓi kwana uku ne a gama magani. Hawan jini kuwa ƙwaya ce kullum har ƙarshen rayuwa, haka ciwon suga, ga yanar ido, ga fitsarin da ke riƙe wa dattawa maza, ga ƙodar da ta gaji, wadda ko a tsarin ma'aikata ƙayyadadden adadin wanki ake biya mata. Shekara da shekaru kuɗin da tsarin tarayya ke ba asibiti a kan kowane mutum naira 750 ne a wata, sai a 2024 aka fara ɗaga shi, bayan faɗuwar darajar naira a 2023 ta riga ta ninka farashin magani. Ma'aikacin cibiya ba sai ya zama azzalumi ba kafin ya gane cewa tsoho ɗaya mai amlodipine da metformin yana cinye kason mutane da yawa. Daga nan ake samun jumlar da kowane mai jinya ya haddace: wannan babu shi, sai dai a saya a waje.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Kuɗi kaɗan ne, jihar na fama da yara masu tamowa da mata masu mutuwa wurin haihuwa, dole a fara da wani. Suna iya kawo misalin Senegal, wadda ta ƙaddamar da Plan Sésame a 2006 ta ce magani kyauta ne ga duk wanda ya kai shekara 60, sai bashin asibitoci ya taru a kan gwamnati har wasu suka riƙa jan ƙafa wajen karɓar tsofaffin. Maƙwabciyarmu Nijar ta ɗanɗana irin wannan bashi a shirinta na yara 'yan ƙasa da shekara 5. Gaskiya ne. Sai dai darasin da ke ciki shi ne a daina alkawarin da ba a ware wa kuɗi ba, wanda shi ne ainihin abin da ake yi a nan. Ghana tun dokarta ta 2003 ta yafe wa 'yan shekara 70 zuwa sama kuɗin shiga inshora, ta kuma ɗora nauyin shirin a kan wani kaso na harajin kayayyaki. Nata tsarin ma yana ɗingishi, amma an san inda kuɗin tsoho zai fito. Kuma ko da lissafin tsimi za a bi, ƙwayar hawan jini ta shekara guda ba ta kai kuɗin mako ɗaya na jinyar shanyewar ɓarin jiki a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ba.

Laifin bai tsaya a kan gwamnati ba. Ƙananan hukumomin nan sun haifi likitoci, lauyoyi, malaman jami'a da manyan ma'aikata, kuma sun ƙware a abu guda: ihu bayan hari. Baba ya faɗi, an buɗe gidauniya a WhatsApp, kafin la'asar an tara abin da zai biya wa tsofaffi da yawa inshorar shekara. Ana tura kuɗin, ana saka hoton rasit, ana ta addu'a. Amma a ce kowa ya fitar da kaɗan a farkon shekara, lokacin da Baba ke zaune lafiya a dakalinsa, sai a ji shiru, domin wannan kyautar ba ta da 'yan kallo. Ba a fafe gora ranar tafiya, inshora ma haka take: akwai lokacin jira tsakanin biya da fara amfana, wanda ya je da majinyaci a bayan mota ya makara.

Alhali hanyoyin suna nan, ko da ƙunci gare su. NHIA na da shirin GIFSHIP, wanda ke ba mutum ɗaya, iyali ko ƙungiya damar biyan kuɗin shekara, ya kuma ba da dama wani ya biya wa wani. Hukumar jiha ma tana da ɓangaren waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba. Ƙungiyar ci gaban gari ko ta tsofaffin ɗalibai za ta iya tattara sunayen dattawan unguwa guda ta biya musu a dunƙule, ta kuma sami bakin magana idan an wulaƙanta su. Zaɓin gaskiya a nan na cibiya ne, kafin a zo kan sunan shiri. Wace ce tsohon zai iya isa a babur cikin rabin sa'a daga inda yake kwana yanzu? Akwai wanda ke auna jini a cikinta kullum? Maganin da yake sha yana cikin jerin da ake bayarwa, kuma yana kan kanta a wannan watan? Idan aka tura shi gaba, Batsari za shi, Dutsin-Ma ko Katsina, kuma wa zai nemo lambar izini idan waya ta ƙi shiga? Amsoshin ba sa intanet. Suna wurin jami'in da ke riƙe da cibiyar, da kwamitin ci gaban mazaɓa da aka ɗora wa sa ido a kanta, da mai unguwa, wanda ya fi kowace rajista sanin wanda ya gudu da wanda ya dawo.

Akwai kuma dattijon da zai ce shi ba ya son inshora, caca ce, ko kuma kiran ciwo ne. Bai kamata a yi masa dariya ba. Malamai sun daɗe suna tattauna garari a inshorar kasuwanci. Amma asusun da jama'a ke zuba wa domin wanda ciwo ya kama a cikinsu ya fi kusa da abin da aka ruwaito daga Ash'ariyyawa, masu haɗa ɗan abincinsu wuri guda su raba daidai idan guzuri ya yi ƙasa. Limami ɗaya da ya fahimci wannan ya fi tallar rediyo goma, kuma tambayar ko za a iya biya wa tsoho matalauci daga zakka ko waƙafi ta cancanci malaman Katsina su zauna a kanta su ba da amsa a fili.

Abin da ake bin gwamnatin Dikko Umaru Radda da KTSCHMA bai fi ƙarfinsu ba. Su daina sanar da jimillar waɗanda aka yi wa rajista kamar ita ce nasara. Su fitar, mazaɓa bayan mazaɓa, tsofaffi nawa ke cikin rajistar Batsari da Safana, nawa daga cikinsu suka taka cibiya a watanni ukun da suka wuce, nawa suka fito da maganinsu a hannu. Su yarda shaidar dagaci ko hakimi ta wadatar wajen shigar da tsohon da takardunsa suka ƙone, a yi masa NIN daga baya. Su sa katin ɗan gudun hijira ya bi shi inda yake kwana. Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana suna da dagatai da masu unguwanni da za su iya kawo sunayen nan cikin 'yan makonni, idan aka nema.