Gomorra: me ya sa ƴan kallo ke goyon bayan gidan miyagu?

A ranar 14 ga watan Yulin 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Roma ta tabbatar da ɗaurin shekara ɗaya da rabi a kan Francesco Bidognetti, ɗaya daga cikin manyan shugabannin Camorra, wato mafiyar yankin Napoli, saboda barazanar da ya yi wa marubuci Roberto Saviano tun 2008. Da aka karanta hukuncin, Saviano ya fashe da kuka a cikin kotu. Tun 2006, shekarar da littafinsa mai suna Gomorra ya fito, bai sake taka titi ba tare da jami'an tsaro suna gadinsa ba.

Galibinmu ta ƙwallo muka san Napoli, garin da Maradona ya yi suna, kuma Victor Osimhen ya lashe gasar lig ta Italiya a 2023. To amma garin ya daɗe yana wata gardama: shin fim ɗin da aka ciro daga littafin Saviano asirin miyagu ya tona, ko kwarjini ya ƙara musu?

Gida ɗaya, babu na kirki

A 2008 Matteo Garrone ya mai da littafin fim, har ya samu babbar kyauta a bikin Cannes. Amma wanda ya fi ta da ƙura shi ne mai dogon zango da tashar Sky ta nuna daga 2014 zuwa 2021, zango biyar, kashi 58, wanda Canal+ ta kai wa masu jin Faransanci. Labarin gidan Savastano ne: Don Pietro uban gida, matarsa Imma, ɗansu Genny da aka shagwaɓa, da Ciro, yaron gida mai ido a kan kujerar maigida. Sana'arsu safarar miyagun ƙwayoyi a unguwannin Secondigliano da Scampia, inda rikicin gaske tsakanin ɓangarorin Camorra ya ci rayuka da dama a 2004 da 2005.

Masu fim ɗin da gangan suka ƙi sa mutumin kirki a tsakiyar labarin. Ƴan sanda da alƙalai can nesa ake hango su. Ɗa yana cin amanar uba, miji yana kashe matarsa, amini yana sayar da amini. Nufinsu mai kallo ya ji ƙyama. Sai ga samari suna aski irin na Genny, suna kwaikwayon maganar Don Pietro, ana ta musu a kan wa ya fi cancanta da gadon gida.

Ra'ayi ya rabu uku

Na farko masu mulki ne. Tun 2010 Silvio Berlusconi, yana firaminista, ya ce irin waɗannan littattafai da finafinai talla suke yi wa mafiya. Luigi de Magistris, magajin garin Napoli daga 2011 zuwa 2021, ya sha kukan cewa fim ɗin yana lalata matasa. Wasu manyan masu shigar da ƙara, ciki har da Nicola Gratteri, sun nuna damuwa cewa ana mai da masu kisa abin sha'awa. Wasu magadan gari na kewayen Napoli ma sun hana a ɗauki fim ɗin a garuruwansu.

Na biyu mazauna unguwannin ne. Kukansu shi ne an shafa musu baƙin fenti baki ɗaya: wanda ya ce daga Scampia yake, sai a dube shi da idon fim, alhali mafi yawan mutanen wurin masu neman na kansu ne.

Na uku su ne Saviano da masu goyon bayansa. Hujjarsu ita ce Camorra ta girmi sinima, kuma rufe madubi ba ya gyara fuska. Akwai abin da ke ƙarfafa maganarsu: gidan da aka nuna a matsayin na Savastano a zangon farko na wani shugaban Camorra ne na gaske a Torre Annunziata, kuma daga baya an kama wasu daga cikin waɗanda suka fito a fim ɗin 2008 bisa laifuka na zahiri.

Abin da ke jan mai kallo

Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, amma duk sun tsallake tambaya guda: me mai kallo yake gani a gidan miyagu har zuciyarsa ta karkata can? Amsar tana cikin kakan irin waɗannan finafinai, The Godfather na Francis Ford Coppola, wanda ya fito a 1972, mu kuma muka san shi da Le Parrain. Da me aka buɗe shi? Wani mutum ne, wasu samari suka yi wa ƴarsa dukan kawo wuƙa, kotu ta sallame su ba su kwana gidan kaso ba, sai ya kai kukansa wurin Don Corleone. Duk wanda ya taɓa kai ƙara ya ga mai ƙarfi ya riga shi komawa gida, ya san abin da mutumin nan yake ji.

Gidan miyagu a fim yana ba da abin da hukuma ta gaza bayarwa: a saurare ka, a rama maka, a ba ka aiki, a san sunanka. Shi ya sa a unguwar da makaranta ta mutu kuma babu aikin yi, fim ɗin ke zama kamar tallar ɗaukar ma'aikata, a wata unguwar kuwa nishaɗi ne kawai. Fim ɗaya ne, ƙasar da irin ya faɗa ce ta bambanta.

Ga kuma sabon abu. Wanda ya bi Gomorra daga farko zuwa ƙarshe ya ga kusan kowa ya mutu a wulaƙance. Amma yau da yawa guntaye suke kallo a TikTok: daƙiƙa talatin na mota, zinariya da bindiga, an ɗora kiɗa. An yanke makabarta, an bar kwalliya.

Mu fa?

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce a nan. A 2024 hukumar tace finafinai ta jihar Kano ta sanar da hana finafinan da ke nuna daba, da hujja irin ta magajin garin Napoli. A Damagaram kuwa, fim ɗin Zinder da Aïcha Macky ta fitar a 2021 ya shiga unguwar Karakara, wurin samarin palais, har da ƙungiyar da ta raɗa wa kanta suna Hitler. Mutanen gaske ta nuna, da tabon wuƙa a jikinsu, da fasa dutse, da fasa-ƙwaurin man fetur, da ƙoƙarin wasunsu na barin wannan hanya. Wanda ya kalle shi zai gane cewa samarin nan na iya aro suna da salo daga waje, amma yunwa, rashin makaranta da wariyar da ta tara su, a gida aka haife su.

Hana fim abu ne mai sauƙi, takarda ɗaya ce da sa hannu, kuma wayar salula ta riga ta karya wannan shingen. Mai wuya shi ne uba ko yaya ya zauna da yaro su kalla har ƙarshe, ya tambaye shi wa ya tsira. Mafi wuya kuma shi ne hukuma ta sa talakan da aka zalunta ya tabbata cewa idan ya je komisariya ko gaban alƙali za a share masa hawaye. Muddin bai da wannan tabbacin, Don Pietro zai ci gaba da samun masoya a fadar shayi.