Zauren Majami'a a Intanet: Da Wane Harshe Za a Amsa Sallama?

A ginin Bahaushe zaure ne wurin da baƙo yake fara tsayawa ya yi sallama, kuma daga irin amsar da ya samu yake gane ko gidan na maraba da shi. Shafin intanet na majami'a zaure ne, don haka tambayar farko da ta kamata kwamitin da aka ɗora wa tsara shi ya yi ita ce, wane ne zai yi sallama a nan, kuma da wane harshe za a amsa masa? Abin da aka saba gani shi ne a tsallake wannan tambaya a tafi kan launi da hoton fasto, sai a wayi gari majami'ar da take waƙa da wa'azi da addu'a cikin Hausa ta buɗe shafin da Turanci kaɗai yake ji.

Hausa ba baƙuwa ba ce a majami'un Arewa. Likita Walter Miller ya zauna a Zariya tun 1905, a 1932 kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda shi ne jigo a aikin fassararsa. Bargery ma, mai ƙamusun 1934 da ɗaliban wannan sashe suke buɗewa kullum, aikin mishan ne ya fara kawo shi ƙasar Hausa. Sunayen manyan ƙungiyoyi kansu shaida ne: EYN na nufin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, haka TEKAN da HEKAN daga kalmomin Hausa aka ciro su. Babure da Angas da Bakataf sun daɗe suna haɗuwa a benci ɗaya, Hausa ce take haɗa bakinsu. To, ta yaya harshen da ya isa a yi baftisma da shi zai kasa isa a rubuta sanarwar lokacin sujada?

Masu goyon bayan Turanci suna da hujjoji biyu. Ta farko, wai matasa ne suke shiga intanet, su kuwa sun fi sabawa da karatun Turanci. Ta biyu ta fi nauyi, ba kuma za a kawar da kai daga gare ta ba: akwai Kiristoci da yawa a Filato da kudancin Kaduna da suke ganin Hausa ta danne harsunan iyayensu, ba sa son a ƙara mata fili. Wannan kuka na gaskiya ne. Amma maganinsa a buɗe wa Birom da Tyap nasu ɗakuna a shafin, gwargwadon masu jin su a ikilisiyar. Korar Hausa a naɗa Turanci ba ta raya harshen kowa, sai dai ta bar tsohuwar zumuntar mata a waje, ita da ba ta taɓa fashin sujada ba.

Ita wannan tsohuwa ya kamata a sa a gaba lokacin tsari. Ba ta da kwamfuta. Wayar jikanta ce a hannunta, kuma kuɗin data a ƙirge yake. Shafin da aka lafta wa manyan hotuna da bidiyo mai kunna kansa zai cinye kuɗin kafin ya buɗe. Abin da zai amfane ta shi ne wa'azin Lahadi cikin murya, a ƙaramin fayil da za a sauke a tura ta WhatsApp, da waƙoƙin mawaƙa, da ranar taro. Baƙon da ya sauka a gari kuma kwatance yake nema, irin wanda mai babur zai gane, kusa da kasuwa kaza ko bayan asibiti kaza, tunda lambar gida ba ta kai mutum ko'ina a yawancin unguwanni.

Sai batun rubutu, inda wannan sashe yake da ta cewa. Haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, ba ado ba ne. In aka yar da ƙugiya, ɗa ya koma da, baƙi su koma baki, ɓata ta koma bata, mai karatu kuwa ya shiga laluben ma'ana a wurin da bai kamata a yi lalube ba. Wayoyin yau suna iya rubuta waɗannan haruffa, saboda haka uzurin tsohuwar tafireta ya ƙare. Abin da ya rage shi ne a gwada salon harafin da aka zaɓa a ga ko yana nuna su daidai. Haka nan bai dace a rubuta da Turanci a miƙa wa Google Translate ba. Na'urar ta karɓi Hausa tun 2013, amma Hausar majami'a tana da kalmominta da suka zauna, irin su baiko da bishara da Jibin Ubangiji, kuma kunnen mai bi yana gane bambanci nan take. Dattijo ɗaya mai kyakkyawar Hausa da ɗalibi ɗaya masanin ƙa'idojin rubutu sun wadatar.

Akwai kuma abin da bai kamata zaure ya nuna ba. A 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatar EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi, kuma yawancin 'yan matan da aka sace a Cibok a wannan shekara 'ya'yan ikilisiyar ne. A irin wannan ƙasa, wallafa sunayen sababbin masu bi da hotunansu, ko jadawalin tafiyar fasto zuwa ƙauyuka, ko hotunan yara da sunan makarantarsu, ganganci ne, komi kyawun niyya. Hausa tana kai saƙo nesa, ga mai so da maƙiyi baki ɗaya, don haka duk abin da za a ɗora sai dattawa sun gani, mai hoton kuma ya yarda.

Tun ranar farko kuma a sa sunan wanda zai riƙa share zauren, da wanda zai biya kuɗin sunan shafi duk shekara, a kuma ajiye mabuɗin shiga a hannun ikilisiya. Sau da yawa saurayin da ya gina shafin yakan tafi bautar ƙasa da mabuɗin a kansa, a bar sanarwar Kirsimetin shekara uku da suka wuce tana tarbar baƙi.